Kwashe Ruwan Kashin Shanu Zuwa Ramin Ajiya

Tambaya: Ina kiwon shanun madara 20 a rumfa mai daɓen siminti, amma bututun da ke kai kashi da fitsari zuwa ramin taki yana yawan toshewa. Me zan yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya albarkaci garke. Yawanci guntayen ciyawa da harawa ne suke toshe bututu, saboda haka gara ka gina buɗaɗɗiyar magudana mai gangara, ka sa raga a bakinta, ka riƙa kankare daɓen safe da yamma kafin kashin ya bushe. Idan ramin ya fi rumfar tudu, sai kashin ya fara taruwa a ƙaramin rami, injin famfo ya tura shi. Ka kuma karkatar da ruwan rufi, domin da damina shi ke cika ramin.

Abin da ya fi damuna shi ne iskar haidirojin salfaid da ke tashi lokacin motsa kashin, wadda take kashe mutum da dabba cikin ɗan lokaci, kuma idan ta yi yawa hanci baya jin warinta. Ka fitar da shanu kafin a fara motsa kashin, idan an fara kuma ka nisanci wurin aƙalla minti 30, kada kowa ya shiga ramin, kuma ka kewaye shi da shinge saboda yara.