Kyamarar kama masu gudu a hanyar Jega

Malam, ka tambaya ko kyamarar auna gudu za ta rage hatsari a hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega. Za ta iya, amma ni dai kar a saye su birjik. A fara kafa ɗaya a wurin da 'yan Road Safety suka fi kwasar gawa, a ƙirga hatsarin kafin da bayan, har ta ga damina da hunturu, don ƙura kan rufe farantin sola batir ya mutu cikin dare. Kuma in lambar mota ta goge ko babu rajista, wa za a aika wa tara? 'Yan kabu-kabu ma da yawa ba lamba. Ramuka kam sai kwalta.