Ta yaya ake karkata haske a cikin wayar faiba?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa bayanan intanet haske ne ke ɗauke da su a cikin faiba, wato zaren gilashin nan. To in saƙo ya zo mararraba, wa ke nuna wa hasken hanyar da zai bi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Hanya biyu ce. Ta da, wadda har yanzu ake amfani da ita, in hasken ya iso sai na'ura ta mayar da shi lantarki, ta karanta adireshi, ta sake mayar da shi haske ta tura gaba. Kamar a sauke kayan tirela kaf a tasha a duba kowane buhu a sake lodawa a wata motar, ga cin wuta ga zafi ga tsada, kuma duk ranar da aka ƙara gudun layin sai an canza na'urorin.

Ta biyun ita ce a juya hasken yana haskensa, kamar yadda ake canza wa jirgin ƙasa layi a Kaduna ba tare da an buɗe tarago ko ɗaya ba. Zaren gilashi ɗaya, wanda kaurinsa bai fi gashin kai da yawa ba, yana ɗaukar launin haske 80 zuwa 96 a lokaci guda, kowane launi da nasa kaya, ido ma ba ya ganinsu don tsawon zangon haskensu wajen nanomita 1550 ne, ya wuce wanda ido ke iya gani. Na'urar da muke kira ROADM ita ke ware su, ta ce wannan launi ka sauka a Kano, wancan wuce Katsina. Kafin zuwanta wallahi mun sha wahala, sai mutum ya ɗau mota cikin dare ya je ɗakin na'urori ya zare 'yar igiyar nan ruwan ɗorawa daga wannan rami ya soka a wancan, yana goge bakinta don ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata aiki. Yanzu injiniya na zaune gaban kwamfuta zai yi.

Akwai kuma mai ƙananan madubai, MEMS, madubi ya ɗan karkata sai hasken ya faɗa wani zaren daban. Google na amfani da irinta a rumbunan bayanansu, mai ƙofa 136, wato ramukan da ake soka zare, a 2022 suka ce ta taimaka musu rage wuta da kusan kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya fi burge ni, madubi bai damu da gudun bayanan da ke cikin hasken ba, ko gigabit 100 ne a daƙiƙa ko 400 duk ɗaya ne a wajensa.

Amma fa kar ka ɗauka ruta, wato na'urar lantarkin nan mai karanta adireshi, ta tashi aiki. Madubi ba ya karanta adireshi, sannan haske ba ya tsayawa layi ya jira, gudu yake kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin gilashi, ba mu da ma'ajiyar kirki da za a ce dakata nan tukuna. Juyawar madubin ma tana cin milisakan (kowane ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), alhali ƙunshin bayani guda ya wuce tun kafin nan. Shi ya sa manyan hanyoyi ake bar wa haske, rabon saƙo ɗaiɗai kuma lantarki ke yi.

Tunda ɗalibi ne kai, fara da fahimtar yadda ake cusa launuka da yawa a zare ɗaya, DWDM kenan, in ka riƙe shi ROADM ba za ta ba ka wuya ba.