Tambaya da Amsa: A Ina Za Mu Buɗe Zauren Hira Namu Mu Kaɗai?

Tambaya: Mu 12 ne muke nazari tare. Muna son wuri a intanet da za mu riƙa tattaunawa ba tare da bare ya leƙo ba, kuma wasunmu ba su ƙware da waya ba. Wace manhaja ce ta fi dacewa? — Wata mai karatu

Amsa: Malama, ku fara tantance wa kuke gudun ya ga maganarku, domin zaɓin ya rataya ne a kan haka.

In bare kawai kuke gudu, WhatsApp ya wadatar, musamman in kowa yana da shi. Saƙonnin rukuni a kulle suke tun daga wayar mai aikawa har zuwa ta mai karɓa, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Illarsa ita ce kowa yana ganin lambar wayar kowa. In akwai waɗanda ba su saba da juna ba, Signal ya fi: shi ma a kulle yake, kuma tun 2024 yana ba mutum damar ɓoye lambarsa. Sai dai kowa zai sauke sabuwar manhaja, kuma a nan ne wasu ke zamewa.

Telegram yana da daɗin ajiye takardu, ana kuma iya barin sabon shiga ya karanta abin da ya wuce. Amma hirar rukuninsa ba ta da irin wancan kullen. Tana ajiye a rumbun kamfanin, hirarsa ta sirri kuwa ta mutum biyu ce kawai. Ga magana mai nauyi, ba mu ba ku shawararsa ba.

Mu a ganinmu ku ɗauki WhatsApp, ku tsare ƙofa, don yawanci ta nan ɓaraka ke shigowa. Mahaɗin gayyata tamkar makulli yake, duk wanda aka tura wa zai iya shiga. Ku kunna saitin da sai shugaban rukuni ya amince kafin a shigo, kuma da zarar kun cika ku sabunta mahaɗin, tsohon ya daina aiki. Shugabanni su zama biyu, ko da wayar ɗaya za ta ɓace.

Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mutum ke sa wa asusunsa, kada kuma ya taɓa ba wani lambobi 6 da ake turo masa ta saƙon tes, domin da su ake sace asusu. Ajiyar kwafin hira a rumbun intanet na Google Drive ko iCloud ba ta samun cikakken kulle sai mutum ya kunna da kansa, mutum ɗaya ya yi sake ya shafi kowa. Akwai kuma saitin goge saƙo bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, amma bai hana ɗaukar hoton allon waya ba, don haka ku yi yarjejeniya tun farko kan abin da ba a fitarwa waje. Wanda ya daina amfani da layinsa a cire lambar nan take, saboda kamfanonin waya suna sake ba wani layin da aka daɗe ba a taɓa ba.