Hukuncin wanda ya jona alam da fitilun fakin, ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran wayarin mota ne. An kawo mini akori-kura in sa mata alam (na'urar jiniyar hana sata) na kasuwa, mai ita yana so fitilun fakin su riƙa walƙawa idan ya kulle ko ya buɗe. Ya bar motar ya tafi. Na ga wata waya a bayan makunnin fitila, na jona ta da wayar fitila ta alam ɗin ba tare da na gwada da mita ba. Tun daga nan fitilun suka ƙi mutuwa, aka duba aka ce akwatin da ke sarrafa fitilu ya ƙone. Biyan yana kaina? Kuma wani ya ce mini sa alam rashin tawakkali ne.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Sa alam halal ne, ɗan'uwa, kuma bai taɓa tawakkali ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya ce masa ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Sharaɗi ɗaya ne a nan: kada a ƙure ƙarfin na'urar jin girgiza har ƙarar babur ko tsawa ta riƙa tayar da jiniya cikin dare, domin hadisin "ba cuta, ba cutarwa" ya shafi barcin maƙwabci.

Batun biya kuwa, yana kanka, ta fuska biyu. Ta farko, a mazhabar Malikiyya mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki yana lamunin abin da aka bar masa ba a gaban mai shi ba, ko da lada ya yi ko kyauta, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala, sai dai in hujja ta tsayu cewa ɓarnar ba daga gare shi ba ce. Ta biyu ta fi ƙarfi: da bakinka ka ce ba ka gwada ba. Ko da mai motar yana tsaye a kanka, wannan sakaci ne, kuma ma'aunin sakaci a shari'a shi ne barin abin da masana sana'ar suka san ba a barinsa. Don haka dole in fayyace abin da aka bari.

Fitilun fakin ba hanya ɗaya ake kunna su ba. A tsofaffin motoci makunni ne ke tura volt 12 kai tsaye zuwa ƙwayayen fitila. A yawancin sababbi makunnin ba ya ɗauke da wutar fitila ko kaɗan, saƙo kawai yake aika wa akwatin sarrafawa, sau da yawa ta hanyar haɗa wata siririyar waya da nagatif, wani lokaci ta cikin rizisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta) mai ƙayyadadden ƙarfi. Wanda ya tura volt 12 daga alam cikin irin wannan waya ya zuba wuta a ƙofar da aka yi don saƙo mai rauni, kuma alamun da ka bayyana sun yi daidai da haka.

Gwajin bai wuce minti biyu ba. Ka sa mita a kan volt na DC, baƙin tsinke a jikin ƙarfen mota, ja a kan wayar. Idan ta nuna 0 fitila na kashe, ta nuna kusan 12 da ka kunna, wayar fozitif ce. Sai ka murɗa abin rage hasken dashbod: in lambar tana hawa tana sauka, wayar hasken dashbod ka kama, ka bar ta. Idan kuwa akwai 12 ko 5 fitila na kashe, ta faɗi kusa da 0 da ka kunna, wayar saƙo ce ta nagatif. In ta tsaya a tsakiya, hanyar rizisto ce, ba a taɓa ta sai da zanen wayarin motar. Kada a soka fitilar gwaji mai ƙwai a kan waɗannan wayoyi, tana jan wutar da za ta iya lalata akwatin. Wayoyin da ke cikin rawayar riga kuma na jakar iska ne, wadda ke kumbura ta kare mutum a haɗari, a nisance su.

Shi ma alam ɗin a duba takardarsa. Da yawa suna da ɗan tsinke ko fis da ake juyawa don zaɓar fozitif ko nagatif. Fitar nagatif yawanci miliamfiya 200 ce, ta ishe saƙo ko kunna rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya tura babbar wuta), ba ta kunna ƙwai. Ta fozitif kan kai amfiya 10. Ƙwai mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, goma sun kai 4; amma akori-kura tana jan tirela, wata kuma an ƙara mata fitilun rufi da na gefe, nan take lissafin ke wuce ƙarfin alam. Shi ya sa nake ganin rile ya fi aminci ko da lissafin ya nuna akwai sarari. Ga yadda ake jona ƙafafun rile masu lamba: ƙafa 85 zuwa fitar nagatif ta alam, 86 da 87 zuwa wuta mai ɗorewa ta cikin fis na amfiya 10 ko 15 da aka sa dab da inda aka ɗauko wutar, 30 zuwa wayar fozitif mai zuwa fitilu. Idan wutar tana komawa baya ta kunna dashbod ko ƙarar gargaɗin an bar fitila, sai a yanke wayar, ɓangaren makunni a 87a, ɓangaren fitilu a 30. Motar da ta raba wayar fitilun hagu da ta dama ana ba kowane gefe dayod (abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) nasa mai amfiya 6, zoben yana fuskantar fitila. Ƙaramin dayod mai lamba 1N4007 amfiya 1 kawai yake ɗauka, zai ƙone a kan ƙwayaye masu zare. A cire kan nagatif na batir kafin jonawa, a liƙa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗa waya a naɗe da salatif yana sassautawa da jijjigar hanya, ya yi zafi.

Abin da ke kanka shi ne mayar da motar yadda ta zo: gyaran akwatin in yana gyaruwa, ko kwatankwacinsa a halin da yake kafin ya ƙone, tare da kuɗin saita shi da motar in ana buƙata. Ba a tilasta maka sabo fil a madadin wanda ya daɗe yana aiki. Ladan sa alam ba ka cancance shi ba sai aikin ya kammalu daidai. In kun yi sulhu a kan ƙasa da haka da yardarsa, ya halatta, amma sai bayan ka gaya masa gaskiyar cewa ba ka gwada ba. Ɓoye wannan don ya sassauta maka algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Da a ce ka gwada, ka bi takarda, a gabansa ka yi aikin, sannan wata tsohuwar wayar da ta goge a ɓoye ta jawo ƙonewar, da babu komai a kanka. Haka nan in motar tana cikin garanti, wajibi ne ka sanar da mai ita kafin ka yanke ko waya ɗaya cewa hakan na iya shafar garantin wayarinta.

Allah ne mafi sani.