Hukuncin shishar aljihu da yara ke zuƙa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga unguwar Mabera a Sakkwato. Na tsinci wani abu kamar biro a aljihun ɗana mai shekara 16, yana ƙamshin mangwaro. Ya ce mini ba taba ba ce, tururin ruwa ne kawai, kuma wai ko tabar ma makaruhi ce a wurin malamai. Wani mai shago a layinmu ke sayar musu. Mene ne hukuncinsa, kuma yaya zan yi da yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya shirya mana zuri'a.

Abin da kika gani sigarin lantarki ne. Batir ke ɗumama ruwan da ke cikinsa, kuma mafi yawan irin wannan ruwa yana ɗauke da nikotin, sinadarin ganyen taba da ke kama mutum ya kasa bari. Ƙamshin mangwaron tarko ne, an sa shi don yaron da warin taba zai kora. Likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, nikotin kuwa yana taɓa natsuwa da riƙe karatu a waɗannan shekaru.

Maganar ɗanki cewa makaruhi ce tana da asali, ba zan ɓoye miki ba. Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi, wajen shekara ta 1000 bayan Hijira, malaman Malikiyya kansu sun saɓa. Ahmad Baba na Tambutu da Aliyu al-Ajhuri sun halatta ta, Ibrahim al-Laƙƙani ya haramta. Amma waɗanda suka halatta sun gina hukuncinsu ne a kan cewa ba ta gusar da hankali, kuma cutarwarta ba ta tabbata ba. Ba su san dangantakarta da ciwon daji na huhu da ciwon zuciya ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara. Hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Da waɗannan bayin Allah sun ga abin da muka gani, ina kyautata zaton ba za su tsaya inda suka tsaya ba.

Allah ya ce a Baƙara, aya ta 195: kada ku jefa kanku zuwa ga halaka. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Ga kuma almubazzaranci da Suratul Isra'i ta hana. Don haka abin da na rinjayar shi ne: shan taba haramun ne, kuma wannan na'ura tana bin hukuncinta a kan ɗanki. Canza suna ba ya canza abin da ke shiga ƙirji. Tun da ya balaga, alƙalami na rubuta masa.

Mai shagon nauyinsa ya fi. Kuɗin da ya ci daga lafiyar 'ya'yan maƙwabta ba halas ba ne. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ma ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. Mahaifin yaron ya je da limamin unguwa su yi masa nasiha. In ya ƙi, a kai ga mai unguwa.

Shi kuwa ɗanki, don Allah kada ki yi masa baki, kada a tara masa jama'a. In nikotin ya riga ya kama shi, za ki ga fushi da ciwon kai da rashin barci a kwanakin farko na bari, wannan ba taurin kai ba ne. Ki karɓe na'urar, ki san inda kuɗin makarantarsa ke tafiya da waɗanda yake zaman majalisa da su. In abin ya gagara, ku kai shi ga likita.

Wallahu a'alam.