Gesso Da Ya Fi Dacewa Da Katin Hannu

Kin tambaya wane gesso, wato abin da ake fara shafa wa takarda kafin a yi mata fenti, ya fi dacewa da katunan da ake yi da hannu, fari ko marar launi. Farin gesso na akrilik mai ɗan ruwa-ruwa ya fi, domin yana rufe takarda sosai, kuma launukan da aka shafa a kansa suna fitowa da haskensu. Marar launin kuwa amfaninsa a kan takarda mai zanen da ba ki so ya ɓace.

Sharaɗin shi ne ki sami takarda mai kauri, kamar mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, ki shafa kaɗan-kaɗan sau biyu, kina barin shafin farko ya bushe sarai. Na taɓa lafta shi lokaci guda, katin ya lanƙwashe, rufin kuma ya tsage daidai wurin ninki.