Amsa Ga Mai Tambaya: Kwamfutar Hannu Ta Ƙi Hawa Wi-Fi Ɗin Ofis

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce an raba wa ma'aikata sababbin kwamfutocin hannu (tablet) na Android a wurin aikinku, tsofaffin suna hawa Wi-Fi ɗin ofis lafiya lau, sababbin kuma sun ƙi, alhali a gida ko a hotspot ɗin waya ba sa ba da wata matsala. Ka ce har ka goge guda biyu gaba ɗaya ka mayar da su kamar yadda suka fito daga kamfani, amma shiru.

Don Allah ka dakata da gogewar nan. Na daɗe ina wannan aiki, kuma da wuya ka ga ta magance irin wannan matsala. Wani lokacin ma ƙara dagula ta take yi.

Wi-Fi ɗin gida kalmar sirri ɗaya ce, duk mai ita ya shiga. Na ofis, wanda ake kira WPA2-Enterprise ko 802.1X, ba haka yake ba. Akwatin da kake gani a manne a silin ɗan aike ne kawai. Yana karɓar sunanka da kalmar sirrinka ya miƙa wa wata saba (babbar kwamfutar ofis) mai suna RADIUS, ita ke cewa a bari ko a hana. Kafin ma a kai nan, sabar za ta nuna wa na'urarka satifiket ɗinta, wato shaidarta ta dijital, domin na'urar ta tabbatar ba wani ɗan damfara ne ya kafa Wi-Fi mai suna irin na ofis ba. Bayan an yarda da juna sai a ba ta adireshin IP, lambar da ake gane ta da ita a netwok. Saboda haka idan aka ce mini "ba ta hawa", abin da nake fara tambaya shi ne: a ina ta tsaya? Ba ta ganin sunan ne sam, ko tana gani ana korar ta, ko an karɓe ta amma ba ta samu adireshi ba? Kowanne da maganinsa.

Tunda ka ce sababbin ne kaɗai ke ƙi, zuciyata ta fi karkata ga satifiket. A da, wurin saita Wi-Fi a Android akwai zaɓin "Do not validate" a ƙarƙashin CA certificate, kuma kusan kowa shi yake dannawa ya wuce. Daga Android 11, a ƙarshen 2020, Google ya fara cire wannan zaɓi, sauran kamfanoni suka bi baya a hankali. Tsofaffin na'urorinku suna shiga ne ba tare da sun duba komai ba, sababbin kuma sun nace sai sun duba. Ka buɗe saitin ka bi shi layi-layi. A yawancin ofisoshi EAP method ɗin PEAP ne, Phase 2 kuma MSCHAPV2. A Identity ka sa sunan shigar ma'aikaci yadda mai kula da netwok ya ba ka, ka bar Anonymous identity babu komai sai in an ce ka cike. Inda mutane ke faɗuwa shi ne Domain: ba sunan Wi-Fi ake rubutawa ba, sunan da ke cikin satifiket ɗin sabar ne, kuma harafi ɗaya ya kauce an gama. Idan sayen satifiket ɗin aka yi daga sanannen kamfani, "Use system certificates" ya isa. Idan kuwa a cikin gida aka ƙirƙire shi, dole a saka wa kowace na'ura satifiket ɗin tushe, wanda aka sa wa na sabar hannu da shi, kuma hanyar da ta fi tsafta ita ce a tura ta manhajar kula da na'urori irin su Intune, maimakon a bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Android 13 ya kawo sauƙi, na'ura na iya nuna maka satifiket a karon farko ka amince da shi, amma sai ka san abin da kake amincewa da shi.

Sai maganar agogo, wadda ta taɓa cinye mini kwana biyu cur. An kira ni wani wurin aiki, sun fito da kwamfutocin hannu da ake zuwa tattara bayanai da su a ƙauyuka, sun yi watanni a sito. Saiti daidai, satifiket daidai, amma ko ɗaya ba ta hau ba. Na bincike saba, na canza waya, na zargi kowa. A rana ta biyu bayan la'asar, ina zaune da ɗaya a hannu ina share ƙurar hunturu daga gilashinta da gefen rigata, sai allon ya kawo haske, idona ya sauka a kan kwanan wata: ɗaya ga Janairu, shekaru da dama a baya. Batirin ya mutu murus a sito, agogon ya koma farko. Babu sim a ciki, babu intanet da zai gyara lokacin. Shi kuwa satifiket yana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, don haka a lissafin na'urar, lokacinsa bai ma zo ba. Muka gyara kwanan wata da hannu, duk suka hau kafin a kira magariba. Tun daga ranar agogo nake fara dubawa. Akasin haka ma na faruwa: idan wata safiya kowa da kowa ya faɗi a lokaci guda, ka duba ko satifiket ɗin sabar ne ya ƙare.

Wani abin kuma da ke sa ma'aikaci rantse-rantse: ya canza kalmar sirri a laftof, ya manta kwamfutar hannunsa na cikin durowa tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohuwar. Bayan 'yan gwaje-gwaje Active Directory, mai riƙe da akawun ɗin ma'aikata, ta kulle akawun ɗinsa, sai ya ga ko sabuwar ya sa ba ta aiki. A manta da Wi-Fi ɗin a duk na'urorinsa, a buɗe akawun, a sake shiga.

Idan kuma abin da kake gani shi ne "Obtaining IP address" tana ta juyawa, to an karɓe ta, adireshi ne babu. Ƙaramin netwok na yau da kullum adireshi 254 kawai yake da shi, kuma sabar DHCP ta Windows, mai raba adireshi, in ba a taɓa ta ba, kwana takwas take riƙe wa na'ura adireshi ko da mai ita baƙo ne da ya zo sau ɗaya. Ka haɗa wayoyin ma'aikata da na baƙi ka gani. A rage wa'adin zuwa awa takwas ko a ƙara yawan adireshin. A iPad alamar ita ce adireshi mai farawa da 169.254. Nan ne kuma gogewar da ka yi za ta iya cutar da kai: tun Android 10 da iOS 14, na'ura ba ta nuna lambar MAC ɗinta ta asali, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, tana ƙirƙirar wata ga kowane Wi-Fi, kuma a Android idan ka goge na'ura lambar tana canzawa. Idan ofishinku na tantance na'urori da MAC, biyun da ka goge sun zama baƙi. A saitin Wi-Fi ɗin, ƙarƙashin Privacy, ka zaɓi "Use device MAC".

Wadda ba ta ganin sunan gaba ɗaya, sau da yawa mai araha ce da ba ta jin zangon Wi-Fi na 5GHz, sai na 2.4GHz kawai, ko kuma an ɗora akwatin a tashoshi 52 zuwa sama waɗanda wasu na'urori ke tsallakewa. A gwada tasha 36, a 2.4GHz kuma a tsaya a 1, 6 ko 11. Idan faɗuwar na zuwa ne duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, suwic ɗin da ke ba akwatunan wuta ne ke mutuwa, sai a ɗora shi a kan inbata.

Abu ɗaya nake roƙonka: duk yadda oga ya matsa, kada ku buɗe wani Wi-Fi mai kalmar sirri ɗaya ku raba wa kowa don a huta. Cikin mako guda za ta isa hannun mai shayin bakin get, kuma bayanan mutane ne a cikin waɗannan na'urori.

Ka je wurin mai kula da sabar ku, ku gwada haɗa na'ura ɗaya yana kallon rajistar. Idan NPS, wato RADIUS ɗin Windows, kuke amfani da shi, lamba 6273 na nufin an ƙi, 6272 an karɓa, kuma a ƙasa akwai Reason Code. 16 na nuna suna ko kalmar sirri ba su dace ba. Idan babu abin da ya bayyana sam, mai yiwuwa saƙon bai ma iso sabar ba. Ka turo mini wannan lambar, da nau'in Android ɗin, da ainihin abin da allon ya rubuta, amma ka rufe sunan ma'aikaci kafin ka ɗauki hoto. Ina nan har bayan isha'i in sha Allah.